Yaya zan gane sigar WhatsApp ɗin da ke kan kwamfutocin shagona? (Tattaunawa ce da aka yi a wani zaure na intanet a watan Afrilu 2025.)

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a bakin wata makaranta. Yawancin aikin da ake kawo mana yanzu ta WhatsApp yake shigowa. Ɗalibi zai turo furojet ɗinsa, wani ya turo hoton fasfo, wata ta turo katin biki, mu buɗe a kwamfuta mu buga musu. Jiya wani kwastoma ya ce min ya karanta cewa an gano ɓaraka a WhatsApp na kwamfuta, wai duk wanda nasa ya tsufa ya yi maza ya sabunta. To ni kwamfuta uku gare ni, laftof ɗaya da na tebur biyu, kuma wani yaro ne ya ɗora musu manhajar tun da daɗewa. Ta yaya zan san wace siga ce a kan kowacce? Don Allah masana a taimaka.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abu ne mai sauƙi. Buɗe WhatsApp ɗin a kwamfutar, ka duba can ƙasa ta hannun hagu, za ka ga tambarin saiti mai kama da ƙaramar taya mai haƙora. Danna shi, ka gangara zuwa inda aka rubuta Help. A nan za ka ga Version da jerin lambobi a gabanta. Rubuta su a takarda, ka yi haka a duka ukun, ka turo mana.

Maganar kwastoman naka kuma gaskiya ce. A farkon wannan wata na Afrilu 2025 kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya fitar da sanarwa kan matsalar, lambarta CVE-2025-30401. Ta shafi duk WhatsApp na Windows da bai kai siga 2.2450.6 ba. Wanda ya kai wannan lamba ko ya wuce ta, an riga an toshe masa.

Mai Kafe:
Ni fa a kullum abin da nake gaya wa mutane shi ne, in dai abu yana aiki a bar shi ya yi aikinsa. Na daɗe a harkar kafe, tun zamanin da ake layi don Yahoo Messenger. Kowane wata sai an fito da wata sabuwar magana ta tsoratarwa, mutum ya ƙona datarsa, kwamfutar ta ƙara nauyi, a sauya wa maɓallai wuri, yaran shago su rikice. Alhaji, saƙonni suna shiga? Fayil yana buɗuwa? To ka ci gaba da sana'arka.

Malamar Kwamfuta:
Yaya Mai Kafe, da a ce kwamfutar gida ce da mutum ke hira da iyalinsa kaɗai, da ban tsananta ba. Amma ka dubi sana'ar Baban Hanifa. Aikinsa kenan daga safe zuwa dare, buɗe fayil ɗin mutanen da bai sani ba. Wannan matsalar kuwa a daidai nan take.

Bari in yi bayaninta yadda kowa zai gane. Duk fayil ɗin da aka turo yana zuwa da shaida iri biyu. Akwai bayanin da yake rakiyarsa yana cewa ni hoto ne ko ni takarda ce, wanda masana ke kira MIME. Akwai kuma haruffan da ke ƙarshen sunansa bayan ɗigo, irin su jpg ko pdf ko exe. Tsohuwar sigar tana duba shaidar farko wajen nuna maka fayil ɗin a cikin hira, sai ka ga hoto. Amma idan ka danna don ka buɗe, sai ta bi haruffan ƙarshen suna wajen zaɓar abin da zai buɗe shi. Mugu zai iya haɗa fayil ta yadda shaidun biyu za su saɓa da gangan. Kamar buhu ne da aka rubuta shinkafa a jikinsa, alhali abin da ke ciki daban. Kai kana ganin hoton fasfo ka danna, ashe wata manhaja ce ka ba izinin tashi a cikin kwamfutarka.

Don a yi adalci, kamfanin ya ce bai ga shaidar cewa an yi amfani da ita wajen cutar da kowa ba, kuma sai mutum ya danna fayil ɗin da hannunsa kafin wani abu ya faru. To amma yanzu da aka bayyana ta ga duniya, 'yan damfara ma sun karanta. Dubawar nan kuma ba ta cin ko sisin data.

Baban Hanifa:
Na gode Malama, yanzu na fahimci abin da ake magana a kai. Na duba. Laftof ɗin ta nuna lamba da ta fara da 2.2514. Ta tebur ta farko, wadda firinta ke jikinta, ta nuna wadda ta fara da 2.2447. Ta ukun ce ta ɗaure min kai. Fuskarta ba irin ta sauran biyun ba ce, kuma ban ga lambar a inda Injiniya ya ce ba.

Injiniya:
Madalla. Laftof ɗinka lafiya lau take, 2514 ta wuce 2450. Ta tebur ɗin farko ita ce mai matsala, 2447 ba ta kai ba. Kuma ita ce ta jikin firinta, wato wadda ta fi kowacce buɗe fayil ɗin mutane. Kafin mu gyara ta, ka ce wa yaranka kada su buɗe komai daga cikin WhatsApp a kanta.

Ta ukun kuma za mu bi ta wata ƙofar. Danna Start, ka shiga Settings na Windows ɗin kansa, ka zaɓi Apps. In Windows 11 ce za ka ga Installed apps, in Windows 10 ce za ka ga Apps & features. Nemo WhatsApp a jerin. A Windows 10 ka danna sunan, a 11 kuma ka danna ɗigo ukun da ke gefensa. In akwai Advanced options ka shiga, za ka ga sunan kamfanin da ya yi ta da lambar sigar. Gaya min duk abin da ka gani.

Ɗan Jami'a:
Akwai hanyar da ta fi wannan sauri. A buɗe PowerShell, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a rubuta:

Get-AppxPackage *WhatsApp* | Select Name, Version

Nan take zai fito da suna da lamba. Sunan ta gaskiyar 5319275A.WhatsAppDesktop ne. Ko kuma a rubuta winget list WhatsApp. In mutum yana kula da kwamfutoci da yawa, kamar a ofis ko ɗakin jarrabawa, wannan ya fi bin menu ɗaya bayan ɗaya.

Malamar Kwamfuta:
Ƙanina, umarnin da ka kawo daidai ne, kuma ba ya ɓata komai, karantawa kawai yake yi. Amma ni ba na son a saba wa mutanen da ba fanninsu ba da kwafo rubutu daga intanet suna mannawa a PowerShell. Yau kai ne ka ba shi mai kyau. Gobe wani shafi zai ce masa manna wannan don ka tabbatar kai mutum ne, ya manna, ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa. Wannan salon damfarar yana yawo yanzu. Tunda akwai hanyar da zai bi da maus yana ganin komai da idonsa, a bar shi a kanta.

Ɗan Jami'a:
Na ji Anti, kuma na yarda da batun damfarar. Sai dai ni ina ganin maganin abin shi ne a koya wa mutane karanta abin da za su manna. Duk umarnin PowerShell da ya fara da Get nema yake yi ya nuna maka. Ko wannan kaɗai mutum ya riƙe ya ƙaru. Idan muka ce kada kowa ya taɓa, to har abada sai an kira mai gyara a kan abin da bai kai ya kawo ba, ana biyan kuɗin mota da na aiki.

Malamar Kwamfuta:
A aji haka nake yi, ina tsaye a kansu. A nan kuwa akwai masu karatu da yawa da ba sa magana, ba mu san matakin kowa ba. Kuma mugun umarni yakan fara da kalma mai kyau, a ɓoye sharrin can a tsakiyar layi. Amma dai mu bar Alhaji ya gama da kwamfutarsa tukuna.

Baban Hanifa:
Na bi hanyar Injiniya. Windows 10 ce. Na ga WhatsApp Web a jerin, amma babu Advanced options ɗin. A ƙarƙashin sunan an rubuta 1.0, na kuma ga sunan Google da Chrome a wurin. Hankalina ya tashi gaskiya. In 2.2447 ta tsufa, ina ga 1.0?

Injiniya:
Kwantar da hankalinka Alhaji. Wannan ba tsohuwar siga ba ce, asali ma ba manhajar WhatsApp ba ce aka ɗora. Shafin web.whatsapp.com ne aka buɗe a Chrome, aka mayar da shi tambari a fuskar kwamfuta, shi ya sa yake buɗewa a tagarsa shi kaɗai kamar manhaja. Chrome yana iya yin haka da kowane shafi, kuma 1.0 yake rubuta musu duka. In kana son ka tabbatar, ɗora maus a kan tambarin, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi Properties, ka karanta layin Target. Za ka ga chrome_proxy.exe a ciki.

Wannan ba ka da lambar da za ka bi a kansa, domin daga intanet shafin yake ɗauko kansa, kamfanin ne yake sabunta shi daga can. Sanarwar nan ma manhajar Windows ta ambata. Abin da za ka duba a wannan kwamfutar shi ne Chrome ɗin. Buɗe shi, ka danna ɗigo ukun da ke sama ta dama, Help, sannan About Google Chrome. Zai nuna lambarsa, in yana baya kuma a nan take zai fara sabunta kansa.

Ina zaton na san dalilin da ya sa yaron ya yi maka haka. Danna madannin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Wace lamba ka gani bayan kalmar Version?

Baban Hanifa:
1809 na gani.

Injiniya:
To shi ke nan. WhatsApp na Microsoft Store yana neman Windows 10 mai lamba 1903 zuwa sama, kuma mai 64-bit. 1809 ta ƙarshen 2018 ce, 1903 ta fito a 2019. Ya je ɗorawa ta ƙi, sai ya nema maka mafita. Dabara ce mai kyau ya yi. Abin da ya fi damuna shi ne Windows ɗin da ya tsaya tun wancan lokaci. Ta ƙarshe a Windows 10 ita ce 22H2, ita ma Microsoft ta ce ranar 14 ga Oktoba 2025 za ta daina ba ta gyaran tsaro na kyauta da aka saba.

Mai Kafe:
Kun ga abin da nake faɗa ko? An fara da duba lamba ɗaya, yanzu an kai ga Windows gaba ɗaya, anjima za a ce ya sayi sabuwar kwamfuta. Wa zai ba shi kuɗin? Kun san nawa ake sayar da ta hannu yanzu a Beirut Road? Ni akwai biyu a wurina da har yau Windows 7 ce a kansu, suna buga takarda tsaf. Na taɓa barin wata sabuntawa ta shiga wata kwamfutata, firinta ya daina aiki, na wuni ina mayar da kwastomomi. Ku masu ba da shawara ba ku ne kuke tsayawa a gaban kwastoma ba.

Injiniya:
Yallaɓai, ba na raina maganarka. Irin abin da ya same ka yana faruwa, ni ma ana kawo min. Shi ya sa ban ce wa Alhaji ya danna sabunta komai ido rufe ba. Na ce ya duba lamba, ya gwada ta da lambar da aka ce an yi gyara a cikinta. Laftof ɗinsa ta wuce, ba mu taɓa ta ba. Ta ukun ba manhaja ba ce, ba mu taɓa ta ba. Guda ɗaya tak za a sabunta wa manhaja ɗaya. Amfanin sanin lambar kenan, ka san inda za ka kashe data da inda za ka bari.

Game da Windows 7 ɗinka, tun 14 ga Janairu 2020 aka daina yi mata gyara, kuma Chrome ya tsaya a siga 109 a kanta tun farkon 2023. In buga takarda kawai suke yi, ba a jone da intanet ba, haɗarin ya ragu sosai, sai dai a kula da filash ɗin mutane. Amma in ana shiga imel ko banki ko shafin rajistar jarrabawa a kansu, bayanan 'ya'yan mutane ne suke bi ta wurin. Wannan amana ce a wuyanka.

Mai Kafe:
Ba sa hawa intanet, tuni na cire musu waya. Amma har yanzu ina kan bakana, ana cika tsorata talaka da waɗannan abubuwan.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Nijeriya. Ina bin zancen daga nan Maraɗi. Mu kwamfutocinmu mafi yawa da Faransanci suke, don haka ga 'yan uwa na wajenmu: cikin WhatsApp ku shiga Paramètres, sannan Aide. Cikin Windows kuma Paramètres, Applications, sannan Options avancées. Na duba tawa yanzu, ta wuce lambar.

Tambayata ga Injiniya. Na lura ta Alhaji ta tsaya a baya, alhali ni ban taɓa sabunta tawa da hannuna ba, amma ga ta a gaba. Mene ne ya hana tasa?

Injiniya:
Tambaya mai kyau, ɗan uwa. Wadda aka ɗauko daga Microsoft Store ita take sabunta kanta a ɓoye, sai in an hana ta. Abu uku na fi gani. Na farko, a yankinmu yawanci da intanet ɗin waya ko ƙaramin modem ake haɗa kwamfuta, sai a kunna Metered connection don Windows ya rage shan data. In yana kunne, Store yakan dakatar da sabuntawa. Na biyu, a cikin saitin Store ɗin akwai maɓallin App updates, wasu masu gyara suna kashe shi tun ranar da suka yi wa kwamfuta saiti. Na uku, akwai Windows ɗin da ake ɗorawa a kasuwa wanda aka yanke masa sassa don ya yi sauƙi, wani ma babu Store ɗin a cikinsa sam.

Alhaji, a kan ta firintar, buɗe Microsoft Store, ka danna Library a ƙasa ta hagu. A wasu Downloads za ka gani. Danna Get updates. Zai jero duk manhajojin da ke jira. In kana tsoron data, ka dakatar da sauran ka bar WhatsApp kaɗai. In ta gama ka rufe ta ka sake buɗewa, ka koma Help ka karanta lambar da idonka. Kada ka wadatu da cewa ka ga ta sauke.

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana kan maganar. Ni Skype nake amfani da shi a laftof wajen magana da ɗana da ke karatu a waje, sai Telegram da muke karatun Islamiyya a ciki. Su ma haka ake dubawa?

Malamar Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Telegram ya fi kowanne sauƙi. Danna layuka ukun nan da ke sama ta hagu, ki duba can ƙasan jerin da zai fito, za ki ga Telegram Desktop da lambar a ƙarƙashinsa. In kika shiga Settings, sannan Advanced, akwai wurin da za ki kunna masa ya riƙa sabunta kansa.

Skype kuwa, lambarsa tana cikin Settings, a Help & Feedback. Sai dai Hajiya kada ki wahalar da kanki da ita. Tun ƙarshen Fabrairu Microsoft ta sanar cewa ranar 5 ga Mayu 2025 za ta rufe Skype, saura 'yan makonni kenan. Sun ce a koma Microsoft Teams na kyauta, kuma da sunan da kalmar sirrin da kike shiga Skype za ki shiga, hirarrakinki da sunayen mutanenki su biyo ki. Ki gaya wa Sadik ku gwada tun yanzu, kada ranar ta zo ku rasa juna. A Teams, lambar tana cikin Settings, a About Teams.

Maman Sadik:
Ikon Allah, ban ji wannan labarin ba sam. Allah ya saka da alheri Malama. Yau da daddare zan yi masa maganar.

Ɗan Jami'a:
Tunda an ambaci Telegram, akwai abin da yake rikita mutane wajen gwada lambobin nan. Ɗigon da ke tsakaninsu ba irin na lissafi ba ne. Kowane gida zaman kansa yake yi. Misali Telegram na kwamfuta ya yi siga 4.9, wadda ta biyo bayanta kuma 4.10. Mai kallon ta da idon lissafi zai ce 4.9 ta fi girma, alhali tara ce da goma, goma ce sabuwa. Ana farawa daga hagu, a gwada gidan farko da na farko. In sun yi daidai a matsa na biyu, a haka har a samu inda suka bambanta. A ta Alhaji, 2 da 2 daidai, sai 2447 da 2450, a nan magana ta ƙare, ba sai an duba sauran ba.

Na kuma lura cewa a WhatsApp lambobi biyun farko na gida na biyu shekara suke nunawa. Mai farawa da 24 ta 2024 ce, mai 25 ta 2025. A waya ma haka ne, za ka ga 2.24 ko 2.25. Da kallo ɗaya ka san ko ta kwana biyu.

Masu Signal, wata manhajar hira irin WhatsApp, su ba sa ma barin mutum ya yi sakaci. In sigar ta kai kwana 90 ba a sabunta ba, sai ta daina aika saƙo har sai an sabunta.

Shugaban Zaure:
Ina tunatar da mu cewa ba a manna mahaɗin sauke manhaja daga shafukan da ba a sani ba a nan. Na goge wani da aka sa yanzu mai cewa sabon WhatsApp na kwamfuta ne. Wanda ya sa, na san da niyyar taimako ne, amma doka ce.

Injiniya:
Allah ya saka, Shugaba. Wannan ma yana cikin abin da nake so in faɗa. Lamba ita kaɗai ba ta isa shaida ba, domin wanda ya haɗa ta bogi zai iya rubuta duk lambar da ya ga dama a jikinta. Dole a haɗa da sanin inda aka samo ta. WhatsApp na Windows daga Microsoft Store yake, ko ta shafin whatsapp.com, wanda shi ma ta Store ɗin ce yake ba ka. Shi ya sa na fi son hanyar Advanced options, tana nuna sunan kamfanin tare da lambar.

Har yanzu akwai masu yawo da tsohon fayil ɗin exe a filash suna ɗora wa mutane. Wannan tsohuwar manhajar ce ta kafin a fito da ta Store a 2022, kuma tun tsakiyar 2023 aka daina aiki da ita a Windows. In kana son gane ta, ita tana fitowa a Control Panel, cikin Programs and Features, wurin da ta Store ba ta fitowa. Tana zama ne a foldar AppData, cikin Local, cikin WhatsApp, kuma za ka ga wata folda mai suna app da lambar sigar a gabanta. Duk wanda ya ga wannan a kwamfutarsa ya cire. Wanda kuma ya ga wata mai suna GB ko Plus, wannan ba ta kamfanin ba ce tun asali, kuma ana rufe layin mutum saboda ita.

Ga kowace irin manhaja da ba ta Store ba, ko da ba a girka ta ba, kamar Telegram ɗin da ake ɗauka a filash, nemo fayil ɗinta na exe, danna dama, Properties, sannan Details. Akwai File version da Product version a nan. Masu Mac kuma, in manhajar tana buɗe, ku danna sunanta a layin sama kusa da tambarin Apple, ku zaɓi About.

Baban Hanifa:
Alhamdu lillahi. Metered connection ɗin ne a kunne, kamar yadda ka ce. Na shiga Store na sabunta WhatsApp kaɗai, na rufe na buɗe, yanzu ita ma ta fara da 2.2514 irin ta laftof. Firinta yana aiki lafiya, na gwada. Chrome ɗin ta ukun ma ya sabunta kansa da na shiga About. In mayar da Metered ɗin ko in bar shi a kashe?

Mai Kafe:
Mayar da shi Alhaji. In ka bar shi a kashe, Windows zai shanye maka datar wata a dare ɗaya. Wannan kam ko Injiniya ba zai musa min ba.

Injiniya:
Ban musa ba, Yallaɓai. Ya mayar, amma ya sa wa kansa rana, ko farkon kowane wata, ya shiga Store ya danna Get updates da hannunsa, ya rubuta lambar da kwanan wata a littafin shago. In aka sake fitar da irin wannan sanarwa, littafin kawai zai buɗe.

Malamar Kwamfuta:
Ƙarin abu biyu Alhaji, tunda sana'arka ta buɗe fayil ce. A duka ukun ka buɗe File Explorer, ka shiga View, ka sa alama a File name extensions. A Windows 11 yana ƙarƙashin Show. Windows yana ɓoye haruffan ƙarshen suna in ba a kunna wannan ba, sai fayil mai suna hoto.jpg.exe ya bayyana a matsayin hoto.jpg kawai. Ka koya wa yaranka cewa abin bugawa pdf ne, ko docx, ko jpg, ko png da makamantansu. In suka ga exe ko scr ko bat ko msi a ƙarshe, kada su buɗe, ko wane ne ya turo. Wannan ya fi muhimmanci a kan ta ukun, domin ita sai an sauke fayil a folda sannan a buɗe.

Na biyu, ɗauki wayar da layin shagon yake ciki, ka shiga Linked devices. Na'ura huɗu ake iya haɗawa da layi ɗaya, kai kuma uku ka sani. In ka ga ta huɗu da ba ka gane ba, fitar da ita.

Baban Hanifa:
Na duba, uku ne cif. Na kunna File name extensions a duka. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara ilimi. Saura batun Windows ɗin ta ukun. Injiniya, za ta iya ɗaukar 22H2 ɗin, ko sai an goge komai?

Injiniya:
Yawanci ba sai an goge ba, amma ka fara kwashe fayilolin kwastomomi zuwa wani wuri kafin a taɓa ta. Shiga Settings, System, About, ka turo min abin da aka rubuta a Installed RAM da System type da Edition. In 64-bit ce kuma Home ko Pro, za a iya ɗaga ta a inda take, daga nan WhatsApp na Store zai hau. In ka ga LTSC a Edition, wato nau'in Windows na kamfanoni, to ita dama babu Store a cikinta, sai mu bar ta da Chrome ɗin yadda take. Ka ɗauki hoton shafin ka turo, amma ka rufe layin Device ID da Product ID kafin ka sa shi a nan.